Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga alƙalan gasar littattafan yara, daga wata 'yarku a Kaduna

Zuwa ga iyayena masu shirya gasar littattafan yara da alƙalanta, da kuma marubutanmu na Hausa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina neman afuwarku tun kafin in fara, don a gidanmu ba a saba yarinya ta tsoma baki cikin zancen manya ba. Shekarata 16, ina aji biyu na babbar sakandare, muna zaune a Tudun Wada cikin garin Kaduna. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne zancen nan namu ne. Littafin yara kuke zaɓa, mu ne yaran, kuma har yau ban ji an aiko an tambayi ko ɗaya daga cikinmu ba.

Na san amsar da za a ba ni, don Baba ya riga ku faɗa ranar da ya tarar da ni ina wannan rubutu: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban musa ba. Sai dai akwai abin da ke ƙarƙashin gado, wanda babba ba zai gani ba sai ya durƙusa, mu kuwa dama a ƙasan muke. Baba ya yi dariya ya ce in ci gaba, amma in rubuta da ladabi.

Muna da ƙungiyar karatu a makaranta, mu goma sha huɗu, muna zama duk Alhamis bayan an tashi tunda ranar babu Islamiyya. Malamarmu ta Turanci ce ta kafa ta da kwali guda na littattafan gwanjo da ta tara da kuɗin aljihunta. Wasu bangonsu ya yage, wasu za ki buɗe ki ga sunan wani yaro can a Amurka da hatimin laburaren garinsu. Waɗanda muke rububi a kai su ne masu zagayayyen tambari ruwan zinari a bango, mu muke ce masa kwabo. Malama ta ce lambar Newbery ke nan, ma'aikatan laburare na Amurka ke ba da ita kowace shekara tun 1922 ga littafin yaran da suka ga ya zarce saura. Cikin shekara biyu na karanta masu kwabo guda tara, don haka ina ganin na isa in faɗi yadda bakina ya ji su.

Wanda ya fi kama ni shi ne Holes na Louis Sachar, da ya ci lambar a 1999. Wani yaro aka yi wa sharrin satar takalmi, aka kai shi gidan horon yara a wani busasshen tafki, inda kowane yaro sai ya haƙa rami guda kullum cikin rana, wai don gyaran hali. Ashe shugabar wurin wani abu take nema a ƙarƙashin ƙasa, ta mai da 'ya'yan mutane leburori. Dare biyu na yi na cinye shi, har na ƙona wa Umma miya na sha faɗa. Ban taɓa zuwa Amurka ba, amma na san ranar watan Maris, kuma na san irin horon da ake ba yaro a ce don amfaninsa ne alhali filin wani ake son a nome. Abin da ya burge ni, ko sau ɗaya marubucin bai tsaya ya ce mini ga darasi ba. Ya bar ni na tsinci abina da kaina. Da duk masu kwabo haka suke, da wannan wasiƙa ta godiya ce kawai.

Amma ba haka suke ba. A ƙungiyarmu har muna da wata magana: in kika ga kwabo a bango, kada ki saki jiki da kowa. Ko kare, ko kaka, ko aminiya, sai ɗaya ya sheƙa barzahu kafin a kai shafin ƙarshe. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Bridge to Terabithia na Katherine Paterson, na 1978. Na bi yaran nan biyu har cikin dajin da suka mayar masarautarsu, na so yarinyar kamar 'yar ɗakinmu, kwatsam igiya ta tsinke da ita a kan rafi, shi ke nan. Na jefar da littafin a kan tabarma na ce wannan zalunci ne. Na riƙa jin kamar manya sun haɗa baki ne a kan littafi ba ya cika littafi sai ya sa yaro kuka, wanda kuma ya sa shi dariya har ya riƙe ciki, wannan shirme ne, ba a ba shi lamba.

Da na faɗi haka a zamanmu na Alhamis, wata ƙawata da ba ta cika magana ba ta ɗago kai ta ce, "Ke ba ki sani ba ne." Yayarta ta rasu wajen haihuwa shekarar da ta gabata. Ta ce tun ranar kowa haƙuri yake ba ta, babu wanda ya taɓa ce mata ba laifi ba ne in ta ji haushi, sai a littafin nan ta ga wani yaro ya ji abin da ta ji. Na yi shiru, kunya ta kama ni. Har yau ban son littafin, har yau ita tana son sa, kuma muna nan tare muna cin awara lokacin tara. Na kawo muku wannan ne don ku ga cewa in aka tara yara aka ba su littafi, ba kaɗa kai kawai suke yi ba. Muna musu, wani ya kayar da wani, wani lokaci har a canza ra'ayi. Irin abin da kuke yi ne a ɗakin alƙalanci, sai dai mu babu mai rubuta namu.

To wancan na Turawa ne, bari in dawo gida. Babbar gasar adabi ta ƙasar nan ita ce wadda kamfanin iskar gas na NLNG ke ɗaukar nauyi tun 2004, kyautarta dala 100,000. Juyawa take yi tsakanin ƙagaggen labari, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara, wato namu sai bayan shekara huɗu yake zagayowa. Yaron da ke aji uku na firamare sa'ad da aka ba da ɗaya, sai ya shiga sakandare kafin a sake waiwayarsa. A 2011 wani mai suna Mai Nasara ya ci. Ranar da na ga sunan har tsalle na yi, na ɗauka littafin Hausa ne, ashe sunan alƙalami ne na Adeleke Adeyemi, littafin kuma da Turanci. A 2015 alƙalai suka ce duk cikin littattafan da aka aiko babu wanda ya kai, ba a ba kowa ba. Mai yiwuwa gaskiyarsu ce, ni ban isa in ce a'a ba. Amma na sha tunani, da an ɗebi littattafan nan an zube su gaban yara ɗari, anya ba za a samu guda da za su yi kokawa a kansa ba? Daga 2011 sai 2019 aka sake samun gwani, Jude Idada da littafinsa Boom Boom. A kan wannan littafin nake son in daɗe, don ya shigo har tsakar gidanmu.

Ƙanena, Autanmu, shekararsa 9, yana da sikila. Duk mai irin wannan yaro a gida ya san hunturu ba abokin arziki ba ne. Da iskar Disamba ta fara kaɗawa Umma za ta fito da safa da hular sanyi, ta dinga bin sa da kofin ruwa tana cewa sha, ƙara sha. Duk da haka wani lokaci ciwon sai ya tashi, ya kama shi a gwiwa da ƙugu, ya kwana yana murƙususu. A irin wannan dare babu abin da yake so kamar labari, ko don ya manta da ƙashinsa na ɗan lokaci. Da Malama ta ce akwai littafin da ya ci babbar kyauta kuma a kan sikila yake, sai na roƙe ta ta ara mini nata kwafin.

Kuskuren da na yi, ban fara karanta shi ni kaɗai ba. An ɗauke wuta, na kunna fitila mai caji, na zauna bakin katifarsa ina karantawa da Turanci a zuci ina juya masa da Hausa, don Turancinsa bai kai ya bi dogon labari ba. Labarin wani yaro ne da ƙanwarsa mai sikila da karensa da ya zame masa aboki. Auta ya ji daɗin karen ƙwarai, har yana tambaya ko Baba zai yarda mu ajiye ɗaya, na ce ya daina wannan mafarkin. Muna cikin haka na iso inda mahaifiyarsu ta rasu, kuma ciwon nan ne ya ɗauke ta. Idona ya riga bakina isa wurin. Na haɗiye yawu na ce, "Sai mamansu ta yi tafiya."

Ya yi shiru. Can ya ce, "Yaya, ba tafiya ta yi ba. Muryarki ta canza."

Na rasa abin faɗi. Na ce masa gaskiya. Sai ya ja bargo ya ce, "Ai na sani ana mutuwa. Ci gaba, ina karen?"

Ashe Umma na tsaye bakin ƙofa. Da safe ta kira ni kicin ta ce kada in sake karanta masa wannan littafi. Shi kuwa ya kafe, har da ƙin shan magani sai an ci gaba. Sati guda muka yi muka gama. Ga hukuncinsa, kamar yadda ya faɗa. Na farko ya ce in nuna masa inda aka rubuta sunan ciwon a shafi. Na nuna masa, ya ɗora yatsa a kai ya daɗe yana kallo, ya ce ashe ana sa irinsu a littafi. Na biyu ya ce, "Amma Yaya, duk inda aka sa mai sikila sai an yi ta kuka? Ba za a yi wanda mai sikila zai kama ɓarawo ba?"

Iyayena, Auta shi ne sarkin tsokana na layinmu. Yana kwaikwayon muryar mai gwangwan da ta ladanin masallacinmu har mutum ya leƙo waje. Kwana goma cikin ɗari yake ciwo, sauran casa'in ɗin fitina yake yi. Ban ga laifin marubucin ba, Allah ya saka masa da alheri, don a ƙasar da aka ce babu wadda ta kai ta yawan masu sikila a duniya, ya kyauta da ya sa su a littafi. Amma maganar da yaron nan ya yi a kan katifa, da marubuci zai ji ta, ina jin za ta amfane shi fiye da jawabin da aka karanta ranar ba shi kyauta. Babu wata hanya da aka tanada da za ta kai masa ita, ko ta kawo muku.

A 2024 aka sake zagayowa kanmu, Olubunmi Familoni ya ci da The Road Does Not End, wanda ya taɓo zancen yaran da ake sa wa aikin da ya fi ƙarfinsu. A waya muka gani, da hotuna, an sha kwalliya, kuɗin kuma in an juya su zuwa naira sun haura miliyan 100. Wata Asabar na matsa wa Yaya ya raka ni, muka hau keke napep muka zaga shagunan littattafai huɗu a cikin gari. Ko'ina abu ɗaya ne: littattafan makaranta, tambayoyin WAEC da JAMB na shekarun baya, sai na addini. A shago na ƙarshe wani dattijo ya karɓi takardar da na rubuta sunan, ya gyara tabarau ya ce, "'Yammata, yana cikin manhaja ne?" Na ce a'a, kyauta ya ci. Ya miƙo mini takardata ya ce, "To wa zai saya?" Da muka duba ta intanet, kuɗin littafin da na kawo shi daga Legas sun fi abin da ake ba ni na tara a wata. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ma ba ni ba ce. Akwai sa'ata a maƙwabtanmu da ke kai tallar gyaɗa wajen Kasuwar Barci tun tana 'yar shekara takwas. Littafin nan da ya ci miliyoyi a kan irinta aka rubuta shi. Ba ta jin Turanci, amma tana karanta Hausa sarai, da boko da ajami. Ko da na samo littafin, sai dai in zauna in juya mata yadda na juya wa Auta, kuma kun ga irin tafintar da nake, mai mai da mutuwa tafiya.

A nan zan juyo gare ku, marubutanmu na Hausa, don rabin kukan nawa naku ne. Yaron Bahaushe yana tashi da Gizo da Ƙoƙi a bakin kaka. In ya yi sa'a, a makaranta ya haɗu da akun nan na Magana Jari Ce. Daga nan sai rami. Ba shi da abin takawa sai ya dira cikin littattafan soyayya. Kullum ana cewa yaran yanzu ba sa karatu. Wallahi muna yi. Ina da ƙawayen da ke cinye labari mai babi tamanin a waya cikin kwana uku, ana turo musu shafi-shafi ta WhatsApp, wasu kuma su saurara a YouTube suna wanke-wanke. Sai dai me ke ciki? Kishiya ta kai sunan amarya wurin boka, ɗan attajiri ya ga 'yar talaka a bakin titi, wasu kuma abin da ke cikinsu ko a gaban yayarki ba za ki iya buɗewa ba. 'Yar shekara 12 ke karanta wannan a ƙarƙashin bargo, ba don ta lalace ba, don shi ne kaɗai aka rubuta da harshen da take mafarki da shi. In an kama ta a yi mata duka, wanda bai rubuta mata nata ba kuwa ba mai ce masa komai.

Da na yi ƙorafin nan wani malaminmu ya ce ai akwai littattafan yara na Hausa, ya kawo mini biyu. Shafi ashirin-ashirin ne. A ɗaya yaro ya ƙi jin maganar iyaye mota ta buge shi. A ɗayan yarinya ta yi ƙarya ta faɗa rijiya. Tun daga shafi na biyu na san ƙarshensu. Wannan ba labari ba ne, bulala ce aka yi wa bango. Muna shan wa'azi a gida, mu sha a Islamiyya, mu sha a taron safe na makaranta, kuma muna godiya. In mun buɗe littafin hira, hirar muke nema.

Abin da ke ba ni mamaki, an taɓa yin abin nan a nan kusa da mu. A 1933 hukumar fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga ita aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, aka kuma buga Jiki Magayi tare da su. Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja, shekararsa 22 kacal a lokacin, malami ne a Midil ta Katsina, kullum yana tsakiyar yara, ya san abin da ke sa su dariya da abin da ke sa su hamma. Shekara casa'in da ɗoriya ke nan, amma da na karanta wa Auta yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙeta, sai da Umma ta leƙo ta ce mu rage murya mutane na barci. Babu inda na tsaya juya masa komai, babu inda na ɓoye masa komai. Waɗancan littattafai ba a bar su a hoto ba, an buga su da araha an kai makarantu, shi ya sa kakana ya karanta, Baba ya karanta, ni ma na karanta. Gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya kuma ita ta fito da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed. Ko a zamaninmu, tun da BBC Hausa ta fara gasar gajerun labarai ta Hikayata a 2016, mata nawa ne suka ɗauki alƙalami waɗanda da ba a san da su ba? Ke nan duk lokacin da aka kafa gasa da Hausa, marubuta fitowa suke yi. Ta yara ce dai ban ga an kafa mai ƙarfi da za a riƙa jiran ta kowace shekara ba.

Kakata ba ta taɓa cin lamba ba, amma duk daren da ta ce ga ta nan ga ta nanku, alƙalanta na zaune a gabanta. In tatsuniya ta yi sanyi za ta ga an fara tsokanar juna, wani ya miƙe wai zai sha ruwa. Nan take sai ta sako kura ko dodo, kowa ya dawo ya nutsu. Tatsuniyar da ta kasa riƙe yara ba a sake yin ta, a haka marasa daɗin suka mutu, masu daɗin suka iso gare mu. Ba baƙon abu nake roƙo ba ke nan, abin da aka saba ne tun kafin a san takarda.

Su ma Turawan sun gano haka. Lambar Carnegie ta Ingila, wadda aka fara tun 1936, manya ne ke zaɓen gwaninta, amma ana ba ƙungiyoyin karatu na makarantu jerin littattafan da suka kai zagayen ƙarshe, yara su karanta su yi muhawara, kuma tun 2019 suna jefa ƙuri'a su ba da tasu lambar daban. Wata shekara zaɓin ya zo ɗaya da na manya, wata shekara ya saɓa, kuma sama ba ta faɗo ba. Me zai hana a yi mana haka? In kun tace littattafai sun rage uku, ku aika da su makarantu, na gwamnati da na kuɗi, na birni da na ƙauye, har da irin su Rigasa da Kawo da Kafanchan da Birnin Gwari. A ba mu wata biyu. Ku ba da taku kyautar ta daloli, mu kuma a bar mu mu ba da tamu, ko da takardar shaida ce da faranti. Ina tabbatar muku akwai marubucin da zai fi rataye tamu a falonsa. Tun 2017 aka fara bikin littattafai na KABAFEST a garin nan, ga kuma Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya da ke da rassa a jihohi, ke nan wurin da za a tara mu ba zai yi wuya ba.

Ban ce a miƙa mana wuƙa da nama ba. Hausawa sun ce ta yaro kyau take ba ta ƙarko, kuma na ga haka da idona. Akwai lokacin da muka zaɓi littafin wata a ƙungiyarmu saboda kawai an zana doki a bango, muka buɗe muka tarar babu komai ciki sai surutu. Akwai kuma kurakuran rubutu da na nahawu da ku za ku gani mu mu wuce su. Ku riƙe wannan, aikinku ne. Amma ko littafi yana hana barci ko yana kawo shi, wannan mu ne da sani, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Farfesa zai karanta littafin yara har ƙarshe ko da ya gundure shi, saboda aiki aka ba shi. Mu in ya gundure mu a shafi na goma, sunansa ajiyayye.

Sannan ina roƙon masu riƙe da jakar kuɗin. Duk littafin da ya ci, a sa cikin sharaɗi tun farko cewa za a buga shi da yawa a takarda mai araha a kai makarantu, a kuma fassara shi da Hausa da sauran harsunan da yara ke magana da su a gida. Wanda ya iya fitar da dala 100,000 saboda mutum ɗaya, kuɗin tafinta da na maɗaba'a ba za su gagare shi ba. In kuma akwai wani attajiri ko wata hukuma a Arewa da ke neman abin da za a riƙa tunawa da su, ga gasar ƙagaggen labarin yara da Hausa nan ba mai ita. A sa dogon labari, ba shafi ashirin ba. A bar yaran ciki su yi wayo, su yi kuskure, su ji tsoro, su ɓata a Kasuwar Shehu Gumi, su tsallaka kogin Kaduna a kwalekwale ba da sanin iyayensu ba, su dawo a yi musu faɗa. In mutuwa ta zo cikin labarin ta zo, ƙawata ta koya mini cewa akwai mai bukatarta. Kada dai ta zama ita ce tikitin shiga gasa.

Muna nan duk Alhamis daga ƙarfe biyu zuwa La'asar, a ajin da ke kusa da bishiyar darbejiya. Duk wanda ya zo cikinku da littafi a hannu, ko wanda bai gama rubutawa ba ne, za mu share masa benci, sai dai ya zo da shirin jin gaskiya, don akwai wata 'yar aji ɗaya a cikinmu da ba ta iya ɓoye hamma.

Auta kuma ya gaji da jira, ya fara nasa. Shi ke faɗa ni ke rubutawa a littafin rubutu mai fallaye arba'in. Labarin wani yaro ne mai sikila da ke bin sawun ɓarayin awaki daga unguwarsu har tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, yana ruɗa su da muryar 'yan sintiri. Mun kai shafi na 11 muka tsaya, don har yanzu bai yanke yadda za a kama babban ɓarawon ba, kuma ya hana ni ba shi shawara. Jiya da dare ya tambaye ni, in mun gama, ina ake kai wa a shiga gasa, kuma ko ana karɓar na Hausa. Na ce masa zan tambayo.

Wassalam.

'Yarku,
ɗalibar aji biyu na babbar sakandare,
Tudun Wada, Kaduna.